Cikin da Aka Ƙara wa Wata Guda

Maigidana ya rasu ranar da muka gama rufe gonar citta da ganye. Ya dawo gida da yamma, ya wanke ƙafa, ya ce in dama masa kunu. Kafin ruwa ya tafasa ya tafi. Shekara arba'in da 'yan kai muka yi tare. Har yau in na zo nan a magana sai na tsaya na share ido, kuma ba na jin kunyar kowa. Na gaya wa 'yata da take rubuta mini wannan, in ta ga na yi shiru ta ajiye biro ta jira ni. Kukan ba ya daɗewa yanzu, yana zuwa ne ya wuce kamar ruwan farkon damina.

A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan ta hanyar Kwoi, in babba ya mutu ana shimfiɗa tabarmi a gidan har wata guda. Mata su kwana ɗaki ɗaya da matar mamacin, maza su kwana a zaure. Ɗan mamaci ba ya shiga wurin matarsa sai an naɗe tabarma an je coci an yi godiya. Tsofaffinmu sun ce cikin da aka samu a kwanakin makoki ba ya zama. Fasto ya sha faɗa mana cewa wannan ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. Duk mu ce amin da ƙarfi, mu koma gida mu ci gaba da abinmu.

Babban ɗana malamin firamare ne a Kafanchan. Bai yi aure da wuri ba, sai da na gaji da magana. Matarsa 'yar Fadan Kaje ce, tela, tana da ɗan shago kusa da kasuwa. Yarinya ce mai hannu da sauri da bakin dariya, amma a lokacin shekararsu shida da aure, ta yi ɓari sau biyu, ba ɗa ko ɗaya. Maigidana yana sonta ƙwarai. In ta zo ƙauye shi yake kama mata kaza da kansa, ya ce kada kowa ya taɓa ƙundu, nata ne.

Da aka naɗe tabarma, suka ce ba za su bar ni ni kaɗai ina hira da bango ba. Suka ɗauko ni da kayana zuwa Kafanchan. Na yi sati biyu a gidansu, ina zaune kamar buhun da aka jingine, a ba ni abinci in ci, a ce in kwanta in kwanta. Sai wata safiya, bayan ɗana ya tafi makaranta, matarsa ta zo ta durƙusa a gabana.

"Mama, ina da ciki. Na gwada da abin gwaji na kemis tun shekaranjiya. Amma yau na ga jini kaɗan."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tun ranar jana'iza ban yi sauri irin wannan ba. Na ɗaura ɗankwali a karkace, muka tari keke napep zuwa asibiti.

A nan na fara sanin cewa kafin a yi wa mace hoton ciki, wanda suke kira sikanin, sai ta sha ruwa har mararta ta cika, kuma ba a yarda ta je bayan gida ba. Muka zauna a kan benci tare da mata kusan goma, kowace da ledar ruwa a baki, kowace tana matse ƙafa. Wata mai babban ciki ta ce mini, "Kaka, ke ma hoton kika zo?" Na ce mata, "Ni nawa hoton ya wanke tun ba a haife ki ba." Bencin duka ya ɗauki dariya, wata ta ce don Allah mu daina, in ta ƙara dariya ruwan nan zai zube a banza.

Likitar da muka samu yarinya ce, Musulma, 'yar gidan masu sayen citta a kasuwa. Da na faɗi sunan ƙauyenmu ta ce kakanta ya sha zuwa can da buhuna. Ta yi mini gaisuwar rashi yadda ya kamata, ta ce in shigo in zauna kusa da matar ɗana. Da na sani da na tsaya a waje.

Ta tambaye ta, "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?"

Matar ɗana ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Kafin Baba ya rasu. Da kamar wata guda."

Likita ta juya wani ɗan faifan takarda a hannunta, ta ce to ciki ya kai sati goma ke nan. Ta sa ta kwanta, ta shafa mata wani abu mai sanyi mai yauƙi kamar miyar karkashi, ta riƙa goga wani abu a mararta tana kallon talabijin. Ni ma na kalla. Ban ga komai ba sai toka-toka, irin yadda talabijin ke yi in ruwan sama ya ɗauke tasha. Can ta nuna mana wani baƙin ɗigo, bai kai ƙwayar gurjiya ba.

Ta daɗe tana dubawa ba ta ce komai ba. Ni na san shirun likita, na gan shi a kan 'ya'yana biyu da ban raina ba.

Daga baya ta ce, "Ga jakar cikin nan, kuma a inda ya kamata take. Amma a sati goma ya kamata in ga ɗan mutum, in ga zuciya tana bugawa. Abin da nake gani bai wuce na sati biyar zuwa shida ba. Abu biyu ne. Ko dai lissafin kwanakin ne ba daidai ba, ko kuma cikin ya tsaya da girma tun tuni. Kin tabbata da lokacin da kika faɗa mini?"

"Na tabbata," in ji matar ɗana, ba ta ɗaga kai ba.

Likita ta ce ba za ta taɓa komai ba tukuna. Mu dawo bayan sati biyu a sake dubawa. In har lokacin babu canji, to sai a yi maganar wanke ciki. Ta ja mana kunne kada a sha ko wane magani, na kemis ko na gida, in kuma jinin ya ƙaru ko ciwo ya taso mu zo nan take.

Gidan ya zama makoki na biyu. Ɗana ya riƙa zagaya tsakar gida da Littafi a hannu, yana addu'a rabi da Hausa rabi da yarenmu, in ya rasa kalma ya ƙarasa da Turanci. Matarsa ta rufe shago. Na dafa mata faten acca da yakuwa, irin wanda take ci har ta suɗe kwano, ta kai cokali biyu ta ture. Rana ta uku na ji tana ce wa mijinta, "Me za a jira? Na san ya tafi. Gobe ka kai ni wani wuri a wanke kawai in huta." Shi kuma, da yake ba ya iya ganin hawayenta, na ji ya ce bari ya tambaya a ina ake yi.

Wannan magana ta tsaya mini a ƙirji. Na shiga ɗaki don kada su ga fuskata, na buɗe akwatina ina naɗe zannuwan da ba su buƙatar naɗi. Sai hannuna ya faɗa kan wani zane mai ruwan ƙasa, wankakke, an goge shi tsaf. Ni ba na guga. Na tsaya ina tunanin wa ya goge mini shi, sai abin ya dawo mini gaba ɗaya.

Kwana uku bayan an binne maigidana, matan zumunta na coci sun zo gaisuwa, gidan ya cika. Matar ɗana tana raba abinci. Ta sunkuya za ta ɗauki tukunya, sai na hango jini a bayan zanenta. Ina cikin kuka ne, amma idon uwa ba ya rufewa duka. Na kwance zanen da na yafa, na kira ta kamar zan raɗa mata wani abu, na ɗaura mata a ƙugu. Ta ce, "Na gode, Mama, yau ya zo mini ban shirya ba." Bayan kwana biyu ta mayar mini da zanen a goge. Baƙin ciki ne ya share mini wannan daga kai, har na zauna a gaban likita ina jin ana cewa wata guda kafin rasuwa ban ce uffan ba.

Ni ban yi makaranta ba, ban san abin da ke cikin kalanda ba sai hoton da ke samanta. Amma Lahadi ba ta ɓace mini. Na ɗebo gyaɗa a kwano, na zauna a bakin gado. Lahadin da 'yan kwayar coci suka zo suka yi mana waƙa, ɗaya. Lahadin da ƙannen maigidana suka yi rigima a kan akuya, biyu. Lahadin da iska ta kwashe rumfa, uku. Lahadin godiya, huɗu. Lahadi biyu a Kafanchan. Gyaɗa shida a tafin hannuna. Na sake ƙirgawa daga ƙarshe zuwa farko, shida dai. Abin da talabijin ɗin likita ya faɗa ke nan. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, matar ɗana ce ta yi.

Na jira har ɗana ya fita sayen kalanzir. Na same ta a bayan gida tana zaune a kan turmi, ta zuba wa kaji ido. Na ajiye mata zanen a cinya, na zuba gyaɗar a kai.

"Amarya," na ce, don haka nake kiranta har yau, "ƙirga mini wannan."

Ta dubi zanen, ta dubi gyaɗa, sai ta zame daga kan turmin ta kama ƙafata.

"Mama, ki yafe mana. Mu muka jawo. Baba bai yi wata a ƙasa ba muka... Shi ya sa cikin ba zai zama ba. Yaya zan faɗi wannan a gabanki, ke da kike cikin baƙin kaya?"

"Tsaya tukuna," na ce. "Ke a bayana kike kwana, har ƙafarki tana dukana. Shi kuma yana zaure tsakanin kawunnansa. A ina?"

Ta rufe fuska da zanen. Da ƙyar na ji muryarta. "Ranar da kika aike ni gona in duba ko citta ta fara tsiro. Ya ce zai kai ni a mashin don rana."

"Bukkar gona?"

Ta gyaɗa kai.

Jama'a, dariya ta kama ni. Tun ranar da na ɗora ruwan kunun nan ban yi dariya daga ciki ba sai ranar. Na yi har na zauna a ƙasa, kaji suka watse. Yarinya ta buɗe fuska tana kallona, ta ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mini kai.

Na ce, "Wannan bukka! Wa kike tsammani ya gina ta? Zauna in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ko fasto ba. Shekara ta biyu da aurena surukina ya rasu. Aka shimfiɗa tabarma kamar yadda kika gani. Sati biyu ba su cika ba, tsohon nan da kuke kira Baba, mai shiga coci da sanda yana tari kamar waliyyi, ya ce wa uwarsa birai suna ɓarna a gona, sai an je da mutum biyu. Babu ko biri ɗaya, Amarya. Wancan mijin naki da ke yawo da Littafi, shi ne birin. Ya fito da kai kamar kabewa, kwana biyu ina naƙuda. Ki dube shi da kyau, ya yi miki kama da cikin da bai zama ba?"

Ta buɗe baki ta kasa rufewa. Sai ta fara dariya tana kuka, ni ma ina kuka ina dariya, don na tuna yadda maigidana ya riƙa waige a hanyar gonar nan, da rigarsa mai yagaggen aljihu. Kai, mutumin nan. Ubangiji ya ba shi hutawa.

Ɗana ya dawo da galan a hannu ya same mu a ƙasa. Ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, mai korar birai. Ba inda za ka kai ta gobe sai wurin likitar da ta duba ta." Bai gane ba. Matarsa ta ja shi ɗaki. Da ya fito, kwana biyu bai yarda mun haɗa ido ba, in zai gaishe ni sai ya gaida bango.

Washegari muka koma asibiti. Na ce wa likita, "'Yata, mun zo gyara lissafi. Wata guda muka ƙara wa cikin nan, ki cire shi." Matar ɗana ta faɗi gaskiya da bakinta. Likita ta sake juya faifanta, ta ce yanzu kwanakin sun dace da abin da ta gani. Ta tambayi dalilin ɓoyewar, na ba ta labarin tabarma a taƙaice, ban sa birai a ciki ba. Ta riƙe baki. Sannan ta daina murmushi ta ce wa matar ɗana, "Kin ga da kin je wani wuri da wancan lissafin, aka yi gaggawa, da kin yi asarar abin da kike nema shekara shida. Ni ba surukarki ba ce, ki riƙa faɗa mini gaskiya." Na ce, "Ko surukar ma a riƙa faɗa mata, ta ga abin da ya fi haka."

Amma ba ta ba mu alkawari ba. Ta ce jini a farkon ciki yana zuwa wa mata da yawa kuma cikin ya zauna lafiya, wani lokaci kuma alamar ɓari ne, ba wanda zai iya cewa yanzu. Ta ce in ma ɓarin ya zo, ba bukka ce ta kawo shi ba, ba keken ɗinki ba ne, ba laifin kowa ba ne. Mu dai cika kwanakin da ta ɗiba mana.

Kwanakin nan sun yi tsawo. Jinin ya ɗauke, ya sake ɗigowa sau ɗaya, ya ɗauke. Duk fitowarta daga bayan gida sai na dubi fuskarta kafin in dubi wani abu. Amma ta koma cin abinci. Ranar da ta ji warin daddawa ta ruga waje tana amai, na bi ta da ruwa ina cewa, "Yauwa, ƙara! Mun gode wa Yesu!" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ba ta taɓa ganin surukar da ke murna da aman matar ɗanta ba. Ni kuwa a wurina aikin yi ya samu. Na shiga kasuwa da ƙafata neman lemun tsami da goruba, na koyi hanyar shagonta, na riƙa kai wa masu kaya ɗinkinsu ina ba su haƙuri. Wanda ya gan ni a sati biyun farko ba zai ce ni ce ba.

Ranar komawa ɗana ya nemi izini a makaranta ya bi mu. Aka sake shan ruwa, aka sake matse ƙafa a benci. Da muka shiga, shi ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kawo gaban hedimasta. Likita ta shafa abin yauƙin, ta goga. Na riƙe babban yatsan ƙafar matar ɗana, don shi ne kusa da ni.

"Mama, matso," in ji likita. "Kin ga nan?"

Baƙin ɗigon ya girma. A cikinsa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, a tsakiyarsa kuma wani wuri yana ƙyaftawa, yana ƙyaftawa, ba ya tsayawa. Ta murɗa wani abu, sai ɗakin ya cika da ƙara, fat-fat-fat-fat, da sauri kamar 'yan mata biyu suna daka a turmi ɗaya.

Na haifi bakwai, na raini biyar, ban taɓa jin zuciyar ɗa tun yana ciki ba. Mu a zamaninmu sai ya motsa kake sanin yana nan. Na ce ta bar shi ya ƙara bugawa. Ta bari. Ɗana ya zauna a ƙasa da wandonsa na aiki. Matarsa tana dariya, cikin yana rawa, hoton yana ɓacewa, likita tana cewa ta tsaya cak. Ni kuwa na yi kukana sosai, don mutum ɗaya ne ya kamata ya ji wannan ƙara kafin ni, kuma ba ya nan. Nas ta leƙo ta ce ko labarin ba daɗi ne. Likita ta ce, "Da daɗi. Kaka ce kawai."

Cikin ya zauna. Mace aka haifa, bayan an haƙe citta an shanya, baƙa mai ƙarar murya. Da ta yi ƙwari muka kai ta ƙauye a miƙa ta a cocinmu. Bayan sujada ana cin abinci a tsakar gida, na hango ƙanen maigidana, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya ajiye cokali yana lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin babbar rigarsa. Bakinsa yana motsi. Ya kai ƙarshe, ya ɗaga gira, ya sake farawa. Matar ɗana ta gan shi, ta sunkuyar da kai.

Na ɗauki jaririyar, na taka har gabansa, na ɗora masa ita a kan hannuwan da yake ƙirga watanni da su.

"Baban yara," na ce, "in yatsun hannu ba su isa ba, a cire maka takalmi."

Ya dube ni, ya dubi yarinyar. Ita kuma ta kama gemunsa ta ja da iya ƙarfinta.

"Wayyo!" ya ce. "Wannan ta gidanmu ce. Haka yayana yake kama mutum in yana son abu." Ya gyara mata zama a cinyarsa, ya ce a miƙo masa namansa, da hannu ɗaya zai ci.